Ɗanjuma Hayaƙi da Fankar Inna

Mutane suna shanya barkono, suna shanya kuɓewa, Yaya Ɗanjuma kuwa batir yake shanyawa. Ku da kuka tashi a unguwarmu ta Magajin Gari kun san ban ƙara gishiri ba. Da zarar hantsi ya ɗaga, sai ya fito da wata tsohuwar tabarma ya shimfiɗa a ƙofar zaure, ya zazzage matattun baturan tocila daga buhu, ya jera su sahu-sahu. Kafin ya ajiye kowanne sai ya gantsara masa cizo, ya lashi kansa, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya. In ya ji ɗan yami a harshe, sahun gaba. In bai ji komai ba, sahun baya. Yarwa kam babu ita a tsarinsa. Ni ce ƙanwarsa Asabe, ciki ɗaya muka fito, kuma har Allah ya karɓi abinsa ban taɓa ganin ya jefa batir a bola ba.

Nakan ce masa, "Yaya, wannan fa ya mutu murus, har ya fara ruwa."

"Ke me kika sani? Batir ba ya mutuwa, suma yake yi. Bari rana ta gasa shi ki sha mamaki."

Tun da aka share makoki 'ya'yansa da jikoki suke damuna, wai sai na gaya musu inda aka samo masa sunan nan Hayaƙi. Su dai sun taso sun tarar da dattijo mai farin gemu yana gyaran agogo a bakin kasuwa, shiru-shiru abinsa. To ku gyara zama. Ubanku ba shiru-shiru ba ne, gajiya ya yi.

Abin ya samo asali ne daga ƙirjin Inna, mahaifiyarmu. Tana da ciwon fuka, kuma bazara ce babbar abokiyar gabarta. Da zafi ya sauko, kafin ruwan farko, sai numfashinta ya riƙa fita da ƙyar, kana tsakar gida kana jin ƙirjinta yana shewa. Ni da Lami matar Yaya mu ke karɓa-karɓa da mafici tun azahar har la'asar sakaliya, kafaɗunmu su sage, iskar ma mai zafi muke kaɗa mata. Wata shekara, bayan gama yaƙin basasa ba da jimawa ba, ciwon ya tsananta, aka ɗauke ta a motar katako zuwa asibiti a Kaduna. A can Yaya ya ga abin da ya hana shi sakat: fanka a rufin ɗaki tana juyawa ita kaɗai, Inna a ƙarƙashinta tana barci, ba shewa ba tari. Ya ɗaga kai yana kallo har hularsa ta faɗi bai sani ba. A hanyar dawowa, da muka hango gari, sai ya juyo ya ce, "Asabe, sai na kai iskar nan ɗakin Inna." A lokacin Birnin Gwari ba wutar lantarki, ko sandarta ba a kafa ba.

Ga kuma wata. Yaya shi ne ɗan fari, Inna kuwa mutuniyar da ce, ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi zuwa Tsohon Birnin Gwari, can ya girma. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, shi kuma ba ya ƙetare ƙofar ɗakinta. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta. In tana da magana da shi, ni take gaya wa, ko da yana tsugune a wurin yana ji da kunnensa: "Asabe, ce wa wancan rufin rumbu yana yoyo." Ni kuma in juya in ce, "Yaya, an ce rufin rumbu yana yoyo." Shi kuma ya ce, "Ce mata an ji." Saboda haka mu mata muna da mafici, shi ba shi da abin da zai yi wa uwarsa in ciwon ya tashi sai tsayuwa a waje yana murza hula. Wannan abu yana cinsa ƙwarai, ni na sani.

Injinan da yake aiki da su 'yan mitsi-mitsi ne, ba su fi babban yatsa ba, irin na cikin motar wasan yara mai batir. Direbobin katako ne ke tsinto masa fasassun motocin wasa a bolar Turawa a Kaduna, shi kuma ya gyara musu agogo. Ba kullum ake dacewa ba, sai a yi wata da watanni ba a kawo ko ɗaya ba. Yakan fafe gora ya zura batura a ciki kai da gindi, ya toshe da tsumma, ya ja waya biyu zuwa jikin injin. Gorar nan kuwa tun ranar farko ya yanke ta da tsawo, don ya san ba zai tsaya inda aka ce ya tsaya ba.

Wanda ke cewa ya tsaya shi ne amininsa Malam Bitrus, da kowa ke kira Ticha, mutumin kudancin Zariya kamar yadda ake faɗa a lokacin, mai koyar da lissafi a firamare. Su biyun ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ba su kuma taɓa yini ba su ga juna ba. Ina nan ranar da Ticha ya gyara tabarau ya duba jikin wani inji.

"Ɗanjuma, ka ga lambar nan uku da aka buga a nan? Ƙarfin kowane batir ɗaya da rabi ne, ma'anarta batir biyu ke nan. Biyu tak. Ka wuce haka zai ƙone."

"Wa ya rubuta?"

"Waɗanda suka ƙera shi mana."

"Sun taɓa zuwa Birnin Gwari da bazara?"

"Ina ruwan inji da bazara?"

"Ticha, je ka tasha ka karanta jikin motar da ta kawo ka garin nan. Mutum nawa aka rubuta? Mutum nawa ta ɗauko, ban da awaki? Ta ƙone?"

"Ai turata muka yi ta yi a daji!"

"Amma ka iso. Asabe, ƙara masa ɗaya."

Wannan "ƙara masa ɗaya" ita ce waƙarsa. Har yaran unguwa suka ɗauka, in mai ƙosai ta zuba musu sai su ce, "Iya, ƙara masa ɗaya, in ji Ɗanjuma."

Ya ce kafin ya haɗa fankar Inna sai ya san iyakar abin da inji zai iya ɗauka, kuma wai gwaji ba ya kyau sai da aikin gaske. Lami ce ta fara shan gwajin. Ranar tana miyar kuka, ya shigo madafa da gorarsa, ya ɗaure maburgi a bakin inji da zaren roba, ya ce daga yau ta daina wahalar burga miya da hannu. Da batir biyu maburgin ya yi ta gurnani a cikin tukunya bai motsa ba. Da uku ya fara juyawa a hankali, kuma tsakani da Allah miyar tana haɗuwa sumul, ba gudaji. Lami har ta yi murmushi.

"Malam, ya yi. Bar shi haka."

"Ya yi? Wannan tafiyar hawainiya? Ina tocilarki?"

"Malam, jiya-jiya na sa mata batir!"

"Shi ya sa."

Ya zare batir ɗin Lami ya zura a gora. Wayyo Allah! Ban ga lokacin da miyar ta bar tukunya ba. Na dai ga Lami ta koma kore tun daga goshi har zane, ni ma na samu rabona a kunne, bangon madafa ya sha, akuyar da ke leƙe ta ƙofa ta sha ta fita da gudu tana atishawa. Sai wani wari kamar ana babbaka gashi, sai hayaƙi siriri ya taso daga hannun Yaya. Maƙwabciyarmu ta ɗaga murya ta kan katanga, "Lami, me ke hayaƙi a gidanku?" Lami tana share ido ta ce, "Malam ne!" Kafin magariba sunan Hayaƙi ya zaga unguwa.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya leƙa tukunya ya ce, "Amma dai ku faɗi gaskiya, ta burgu ko ba ta burgu ba?"

Daga ɗaki muka ji muryar Inna: "Asabe, tambayi wancan ko a jikin bango za mu ci tuwon yau."

Da damina ta zo ƙirjin Inna ya lafa, amma Yaya bai lafa ba. Gonarmu tana can bakin dajin Kamuku, inda birai ke ɗaukar masarar mutum kamar gadon ubansu. Ya kafa sanda a tsakiyar gona, ya ɗaura inji a kai, ya rataya gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki. In ya juya sai ƙara ta cika wurin, kacau-kacau-kacau. Ranar farko birai suka watse, har wata ta manta ɗanta ta dawo ta fizge shi. Yaya ya dawo gida yana tafiya kamar wanda aka naɗa sarauta. Washegari ya goya Ticha a keke don ya je ya gani da idonsa, ya kuma ƙara batir biyu a gorar saboda baƙo.

Ticha ne ya ba mu labarin, yana yi yana riƙe ciki. Ya ce sun haɗa waya suka koma gindin wata ɗorawa suka laɓe. Gwangwanaye suka ɗauki gudu har ba a ganinsu. Birai suka fito daga daji, amma maimakon su gudu sai suka zauna a kan kunya suka jeru suna kallo, manya a baya yara a gaba. Can zaren gwangwanayen ya nannaɗe a sanda, inji ya yi ƙugi, hayaƙi ya tashi. Da wasan ya ƙare, wani ƙaton biri ya taso a natse, ya tsinke waya, ya saɓi gorar ya haye bishiya. Ya zazzage baturan, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya gantsara masa cizo.

Ticha ya ce, "Ɗanjuma, ga ɗalibinka can, har ya kammala karatu."

Yaya ya ce, "Ka dai gani da idonka. Muddin inji yana juyawa, ko masara ɗaya an taɓa?"

"To yanzu da ya tsaya fa?"

Suka waiwaya. Sauran biran sun riga sun shiga masara.

Muna dariya, amma injinan suna ƙarewa. Turawan Kaduna suna ta komawa ƙasarsu, bolarsu ta bushe, direbobi suka daina kawo komai. Da bazara ta sake kunno kai, inji ɗaya tak ya rage a cikin gwangwanin da Yaya ke ajiyarsu. Shekarar kuwa zafin ya zo da wuri, Inna ta fara shewa tun kafin mangwaro ya nuna.

Sai ya daina wasa. Ya yanko fikafikai uku daga garwar kananzir, ya goge bakinsu da dutse, ya lanƙwasa su, ya kife turmi a bakin ƙofar Inna ya ɗaure injin a kai. Inna ta ɗaga kai daga gado ta ga ƙarfe yana ƙyalli, ta ce, "Asabe, ce wa wancan kada abin yankan nan ya ƙetare mini ƙofa." To ka ji. Fanka a bakin ƙofa, gado a can ƙuryar ɗaki, dole iska ta yi tafiya.

Ya zaɓo baturan sahun gaba, waɗanda suka fi shan rana. Da biyu, ƙuda ya sauka a kan fiffike ya yi zamansa ana juyawa da shi. Da huɗu, labulen ƙofa ya fara motsi. Da ya cika gorar, shida cif, sai na ga bakin ɗankwalin Inna yana kaɗawa. Ta lumshe ido. Muka yi tsit muna sauraron ƙirjinta, shewar tana raguwa kaɗan-kaɗan. Can ta ce, "Asabe, ce masa an gode." Ban ma juya na isar ba, ya riga ya tashi ya zaga bayan rumbu. Lami ta ce ta leƙa ta gan shi yana share fuska da hula.

Fankar nan ta yi aiki, sai dai aikin jinya ne biyu. Injin yakan yi zafi, sai Yaya ya ɗaura masa jiƙaƙƙen tsumma kamar mai zazzaɓi. Baturan kuma ba sa jimawa suke sake suma, sai a zazzage a zuba wasu. Matan unguwa suka ji labari, kowace ta riƙa aiko da matattun baturan gidanta, har na cocin su Ticha aka tattaro. Tabarmar shanya ta zama uku. Yaya ya rufe rumfarsa ta kasuwa, yana tsugune a bakin ƙofa tun azahar, cizo, zurawa, jiƙa tsumma.

Ticha ya zo ya tsaya a kan fankar ya daɗe. Ya zazzage gorar ya ƙirga da hannunsa, ya mayar, ya taɓa injin, ya cire tabarau ya goge.

"Ɗanjuma, na sallama. Shida ne, kuma bai ƙone ba. Masu rubutun nan sun yi kuskure."

"Sake faɗa, Lami ba ta ji ba."

"Na ce sun yi kuskure!"

"Asabe, ke shaida ce. Gobe zan faɗa a kasuwa."

Bai jira goben ba.

Ana haka aka kira malamai taro a Kaduna. Ticha ya dawo da yamma, ko gida bai biya ba, ya zo dubiya da ƙunshi a hannu. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaida Inna, don ita Ticha tamkar ɗanta ne da ba ta jin kunyarsa, har tsokanarsa take yi. Ya kwance ƙunshin. Batura shida sababbi fil, a cikin takardarsu, suna sheƙi.

"Inna, na gaji da ganin ana yi miki jinya da gawarwaki. Ga masu rai na kawo."

Yaya tunda aka haife shi bai taɓa riƙe sababbin batura shida a lokaci guda ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya shinshina, bai ciji ko ɗaya ba, wai kada ya ɓata musu fenti. Ya ce ba za a sa su a ɓoye ba, sai gobe bayan azahar, kowa ya gani. Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a. Matan da suka yi ta aiko da matattu suka cika tsakar gida. Kuma ku ji ikon Allah, duk taron nan, har da mai koyar da lissafi, babu wanda ya tsaya ya yi tunanin komai. Shida dai shida ne, mun gani da idonmu.

Yaya ya zura su, ya yi bisimilla, ya haɗa waya.

Jama'a, na ɗauka babur ne ya shigo gidan. Turmi ya hau rawa. Labule ya miƙe ya manne a rufi. Ɗankwalin Inna ya tashi ya bar kanta, garin dawa da Lami ta ajiye a ƙwarya ya turnuƙe ɗakin, kaji suka haye katanga. Fiffike ɗaya ya tsinke ya wuce ta saman kan Ticha ya kafe a jikin gwanda. Mata suka zube ƙasa suna salati. A cikin wannan hargitsi na ji Inna ta ja numfashi mai tsawo, irin wanda ta daɗe ba ta ja ba, ta ce, "Kai, madalla!" Ba ta rufe baki ba warin ya iso. Hayaƙin wannan karon baƙi ne, kuma injin ya tsaya cak.

Ticha ya zauna daɓas a ƙasa ya ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni Bitrus! Ɗanjuma, shidanka na da ai matattu ne! Duk shidan ba su fi ƙarfin sababbi uku ba, shi ya sa yake zafi bai ƙone ba. Masu rubutu ba su yi kuskure ba, ni na yi. Ni da nake koya wa yara lissafi!"

Yaya yana tsaye, fuska duk gari, waya a hannu. Ya ce a hankali, "Ba matattu ba. Sumammu."

Aka yi dariya, aka watse. Amma dariyar ba ta kai la'asar ba. Ranar ko ganye ba ya motsi, sama fes ba alamar hadari, ga garin da Inna ta shaƙa. Ciwon ya taso mata irin tasowar da ta kai mu Kaduna. Ni da Lami muka koma mafici, muna yi muna kuka, tana kama gefen gado tana neman iska. Yaya yana bakin ƙofa ya buɗe injin da wuƙa, wayoyin ciki sun narke sun dunƙule. Ya san babu wani a gwangwani, ya san babu a gari. Aka kai masa tuwo ya dawo yadda aka kai shi. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a ranar ba.

Da safe sai ga Ticha da wani abu a naɗe cikin zanen matarsa. Rikodarsa ce, mai kaset, wadda ya daɗe yana tari kafin ya saya, ita yake ɗaukar waƙoƙin coci da ita. A unguwarmu kaf babu ta biyu, ko taɓawa ba ya bari a yi. Ya ajiye a gaban Yaya.

"Akwai inji a ciki. Kwance."

"Ticha, in na cire ba za ta sake waƙa ba."

"Muna da bakuna."

"Ticha..."

"Kwance, na ce! Amma ka saurare ni. Batir huɗu take ci. Huɗu, Ɗanjuma. Ka ƙara ɗaya, ni da kai sai a lahira."

Yaya ya ɗauki sukurdireba ya kwance rikodar. Ya ciro injin. Wannan ba irin na motar wasa ba ne, mai natsuwa ne, an yi shi don ya ja kaset a hankali, ba zai iya da fikafikan ƙarfe ba. Sai ya yanka na kwali. Ya ɗauko huɗu daga sababbin jiya, ya cike sauran gorar da takardar sigari mai ƙyalli, ya ɗora a kan turmi ya haɗa. Ta juya lafiya lau, shiru, ba gurnani. Sai dai iskar ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ko labule bai san ana yi ba.

Rana ta take. Daga ciki shewar Inna tana ƙaruwa. Na ga hannun Yaya ya tafi aljihu, inda na biyar yake. Ticha ya yi gyaran murya. Hannun ya dawo.

Na ce, "Yaya, kawo in riƙe mata kusa da fuska. Kwali ne, ba zai yanke ta ba."

"Ke? Hannunki ya saba da murhu, sai ya ƙone ƙurmus ba ki ji ba. Mai riƙewa sai ya riƙa jin zafinsa a tafin hannu, ya san lokacin tsayarwa."

"To Ticha ya riƙe."

Ticha ya ce, "Ni jiya na gama nawa aikin."

Yaya ya kalli ƙofar nan kamar kogi aka ce ya tsallaka. Ya cire takalmi. Ya yi sallama da wata 'yar murya da ban san shi da ita ba, ya sunkuya ya shiga, gora a hammata, inji a hannu. Tunda na yi wayo ban taɓa ganinsa a cikin ɗakin ba. Ya durƙusa a gefen gado, ya miƙa hannu ya kai fankar daidai fuskarta, ya juya kansa yana kallon bango. Inna ita ma ta ɗaga ido tana kallon rufi. Da ba don halin da ake ciki ba da na fashe da dariya, mutum biyu kusa da kusa kowa ya sami abin kallo.

Iskar ba ta da yawa, amma ba ta yankewa, kuma duk a fuskarta take sauka. In injin ya ɗumama sai ya zare waya, ya ajiye, ya ɗauki maficina ya ci gaba da hannunsa har ya huce. A hankali ƙirjin ya fara sauka. Wajen la'asar ta sami bakin magana.

"Asabe, tambayi wancan, in dai shi zai riƙe, me ya hana shi ɗaukar mafici tun farko ya hutar da mu hayaƙi?"

Ticha daga waje ya ce, "Inna, ni ma tambayar da nake yi ke nan!"

Yaya ya ci gaba da riƙo. Hannunsa ya gaji, tun azahar yake a miƙe, fankar ta fara karkarwa tana sauka tana hawa, amma ya ƙi canzawa. Inna ta ce, "Asabe..." Na matso ina jiran saƙo. Ta miƙa hannunta ta kama gwiwar hannunsa, ta jawo ta ɗora a kan cinyarta, ta riƙe. Ta ce, "Ɗora nan. Ka gaji."

Shi ta gaya wa, ba ni ba. Mutum ya doshi arba'in, ranar ya fara jin uwarsa ta yi masa magana baki da baki. Yana nan yana kallon bango, hawaye na bin gemunsa, ba hannun sharewa, ɗaya na riƙe da inji ɗaya na riƙe da waya. Ni na fita na bar musu ɗakin, na tarar da Lami da Ticha a tsakar gida kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Haka suka yi kullum har ruwa ya sauka, haka suka yi a bazarar da ta biyo, wadda ita ce ta ƙarshe ga Inna. Sunansa kam ba ta taɓa faɗa ba har ta bar duniya, amma ni tun daga ranar aka sallame ni daga aikin kai saƙo. Sai in wuce in ji su suna hira ƙasa-ƙasa, tana ba shi labarin ranar da aka zo aka ɗauke shi, da yadda ta shiga bayan ɗaki ta yi kukanta inda ba mai gani.

Allah ya jiƙan Yaya Ɗanjuma, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa makwanci yadda ya yi ta fafutukar sanyaya wa mahaifiyarsa. Allah ya haɗa shi da Inna a inuwar da ba zafi ba ciwo. Ticha kuma, da ka rasa abokin musu, Allah ya ba ka haƙuri, mu ma ya ba mu. Amin.